Alƙawarin kamfe da kuɗin kabu-kabu: ina aka kwana a Madawa, Buza da Keita?

Idan jama'a ba su manta ba, ranar 13 ga watan Disamba na shekarar 2020 ne aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshe a ƙasar nan. A makonnin da suka gabaci wannan rana babu kasuwar da ƴan takara ba su taka ba, tun daga Madawa da Tunfafi da Sabon Gida har Bangi, tun daga Buza da Karofan har Keita da Tamaske. Ƴan kabu-kabu ne a gaban ayari suna busa oda, iyayenmu mata ƴan kasuwa ne suka cika fili da anko da guɗa. Alƙawuran kuwa kowa ya haddace su: za a gyara tasha, za a yi magudanar ruwa a unguwanni, za a kwashe juji, za a gina rumfuna, za a sauƙaƙa kuɗin sufuri. Yau da babu kamfe babu amsa-kuwwa, lokaci ya yi da za mu zauna mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa: me aka karɓa, me aka bayar, me ya rage bashi?

Mu fara da abin da ya fi taɓa aljihu. A ce mai sayar da tumatir da albasa tana biyan dala arba'in zuwa kasuwa da kayanta, dala arba'in dawowa. Kullum dala tamanin ke nan, a wata jika goma sha biyu, tun ba a yi zancen tikitin kasuwa da ɗan dako ba. Mace nawa ce ribarta ta wata take ninka wannan? Shi ya sa a shirinmu na rediyo, duk ranar da muka buɗe layi a kan sha'anin gari, kukan da ya fi yawa shi ne na kuɗin hawa da na hanyar unguwa, wadda da damina ta sauka ɗan kabu-kabu zai ce ba ya shiga sai an ƙara masa.

To amma gaskiya ɗaya ce, ba duk alƙawarin da aka yi mana ba ne yake hannun wanda ya yi shi. Babbar hanyar kwalta da ta ratsa Madawa, wadda ta haɗa Ƙonni da Maraɗi, ta gwamnatin tsakiya ce, haka ma wadda ta tashi daga Madawa ta bi Buza da Keita zuwa Tawa. Farashin mai kuma a Yamai ake yanke shi, wani lokacin ma abin da ya faru a Abuja ne yake juya shi. Mun gani a watan Mayu na 2023, lokacin da shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya, man da ake sayarwa a kwalba bakin hanya ya yi tsalle, kuɗin kabu-kabu ya bi shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka har zuwa farkon 2024. A watan Yuli na 2024 hukumomi suka rage litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, sannan a watan Maris na 2025 aka shiga ƙarancin mai da dogayen layuka. A duk waɗannan babu inda magajin gari yake da ta cewa. Saboda haka ɗan takarar kansila da ya rantse zai karya kuɗin sufuri, ko dai bai san iyakar kujerar da yake nema ba, ko kuma ya sani yana yi mana romon baka.

Abin da yake hannun ma'aikatar magajin gari shi ne wanda aka fi yin shiru a kansa, domin shi ne ake iya bin sawunsa. Tsarin kasuwa da rabon rumfuna, tasha da wurin tsayawar ƴan kabu-kabu da adaidaita da amalanke, hanyoyin cikin unguwa, shara da magudanar ruwa, duk aikin komin ne. Kuɗinsu kuma daga ina? Daga lanho, daga tikitin da ake yanka wa mai tire da mai buhu ranar kasuwa, daga harajin dabbobi da na tasha. Wato ku ƴan kasuwa ku ne kuke ciyar da asusun. Yankin da kwarin Tarka yake fitar da albasa mota-mota zuwa Gana da Kodebuwa bai kamata a ce ruwan sama na awa guda ya hana mata shimfiɗa kayansu ba. Ambaliyar damanar 2024, wadda ta sa har aka ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba, ta tona asirin kowace magudanar da aka yi alƙawari ba a haƙa ba.

Me ya sa alƙawarin yake narkewa bayan zaɓe? Dalili na farko tsarin zaɓen ne kansa. Tun zaɓen 24 ga Yuli 2004, wanda ya kafa majalisu a komin 265, ba mu taɓa zaɓen magajin gari kai tsaye ba. Jerin sunayen jam'iyya muka riƙa jefa wa ƙuri'a, kansiloli kuma su zaɓi magaji a tsakaninsu. Wanda ya hau kujera ta wannan hanya ya fi jin tsoron uwar jam'iyya da abokan ƙawance a kan mai sayar da ƙuli-ƙuli. A jihar Tawa, inda PNDS-Tarayya ta daɗe tana da rinjaye, sau da yawa kokawar gaske wajen shiga jerin sunaye aka riƙa yin ta, ba wajen shawo kan talaka ba.

Dalili na biyu shi ne tsawon lokacin da ake ɗauka ba a dawo gabanmu ba. Majalisun da aka zaɓa a watan Janairu na 2011 wa'adin shekara 5 gare su, amma aka yi ta ɗage zaɓe har sai Disamba 2020, kusan shekara 10. Wanda ya san ba zai dawo roƙon ƙuri'a ba da wuri, me zai sa ya yi gaggawa? Dalili na uku kuwa rashin kuɗi. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi fannoni huɗu, ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, amma magadan gari sun sha kukan cewa an ba su kaya ba a ba su jaki ba.

Na huɗu namu ne, kuma dole mu faɗa. Mun karɓi atamfa da sabulu da kuɗin mai, mun ɗauka riba ce. Lokacin da ake da majalisar komin, zamanta a buɗe yake ga jama'a bisa doka, amma mu nawa muka taɓa zuwa ranar da ake muhawarar kasafin kuɗi? Dokar kaso ta 2019 ta ɗaga rabon mata a kujerun zaɓe zuwa kashi 25 cikin ɗari, amma mata nawa ne daga cikin kasuwa suka shiga jerin, ba waɗanda aka ɗauko don cika lissafi ba?

Yanzu dai al'amura sun canja. A watan Afrilu na 2024 Janar Abdurahman Tiani ya rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo waɗanda ake kira AD. A watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa, aka kuma tsayar da wa'adin shekara 5 wanda ana iya sake dubawa. Wasu na ganin hutu ne daga rigimar ƴan siyasa, kuma wanda aka naɗa ba shi da bashin magoya baya a wuyansa. Wasu kuma na tambaya: wanda ba mu muka ɗora shi ba, ta yaya za mu sauke shi in ya gaza? Duka biyun suna da hujja. Abin da bai canja ba shi ne tikitin kasuwa, har gobe ana yankarsa.

Shawararmu ga sandikar ƴan kasuwa, ƙungiyoyin mata masu adashi da shugabannin ƴan kabu-kabu ita ce kada su jira kamfe. Kada kowa ya biya haraji ba tare da karɓar tikiti ba, domin kuɗin da ba takarda ba ya isa asusu. Su nemi a riƙa liƙa abin da kowace kasuwa ta tara a ƙofar ma'aikata, a kuma karanta shi a rediyo da Hausa da Tamajak. Su zauna da masu unguwanni su zaɓi aiki ɗaya ko biyu a shekara, kwalbati ko rumfa ko wurin tsayawar babura, su kai a rubuce da kwanan wata. Su kuma ƴan kabu-kabu da fasinjojinsu su daidaita farashin unguwa-unguwa a fili, don a huta da cacar baki kowace safiya.

Ranar da zaɓe ya dawo, duk wanda ya zo da ganga mu tarbe shi da tambaya uku: aikin nan a hannunka yake? Da wane kuɗi? Zuwa wane wata? In ya amsa, a rubuta a ajiye. Ɗan kasuwa ba ya ba da bashi sai ya san ranar biya. Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukan talakawa, ya sa albarka a kasuwanninmu.