Malam Ya Samu Dama ta Biyu, Mu Ma A Ba Mu



Duk wanda ya leƙa ofishin malamai a makon jiya ya ga sabon hoton da aka liƙa kusa da jadawalin darussa. Malaminmu na kimiyya ne, sanye da doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu, ranar bikin yaye ɗalibai a jami'a. Ya kammala digirinsa na biyu. Mu 'yan Ƙungiyar 'Yan Jarida muka je yi masa barka, muka roƙe shi ya ba mu labarin karatun. Mun zaci zai ce komai ya tafi sumul. Sai ya yi dariya, ya ce mana ai ya taɓa faɗuwa kwas guda, kuma ya yarda mu rubuta a nan kowa ya karanta.

Muka kalli juna. Ashe malami ma yana faɗuwa jarrabawa?

Kwas ɗin ƙididdiga ne, kuma maki 46 ya samu. A nan makarantarmu wanda ya samu 46 ya haye, domin 40 ake nema. Amma a karatun gaba da digirin farko a jami'o'in Najeriya, sai ka kai 50 za a ce ka ci. Daga 50 zuwa 59 shi ne C, daga 60 zuwa 69 B, daga 70 zuwa sama A. Maki huɗu kacal suka kayar da Malam.

To, ga abin da ya fi ɗaukar hankalinmu. Ba wanda ya tara jama'a ya kira sunansa. A allon sanarwa na sashensu aka liƙa sakamakon, kuma lambar rajista ce a jiki, ba suna ba. Ya duba lambarsa, ya ga abin da ya samu, ya koma gida. Na biyu, ba a ce ya koma farko ba. Duk kwasa-kwasan da ya ci suna nan a matsayin ya ci su. Wannan guda ɗayan kawai ya sake yi wa rajista a shekarar da ta biyo, abin da 'yan jami'a ke kira kari-oba. Ya sake zama a aji tare da waɗanda suka shigo bayansa, ya sake rubuta jarrabawar, ya ci.

Malam ya ce sakamakon jami'a ba daga hannun malami ɗaya yake fitowa kai tsaye ba. Sai malaman sashe sun zauna sun duba, ya wuce tsangaya, ya wuce makarantar karatun gaba da digiri, sannan majalisar jami'a da ake kira Sanet ta amince. Bayan kwasa-kwasai kuma akwai kundin bincike, wanda ɗalibi zai tsaya ya kare a gaban masana, har da wani malami da ake gayyatowa daga wata jami'ar daban. Ko a nan ma yawanci gyara ake ba ɗalibi ya je ya yi ya dawo. Da ya gama duk wannan, ga kuma yajin aikin ASUU na 2022 da ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, sannan ya samu sa waccan rigar da muke gani a hoto.

Yanzu mu dawo gida. Kowa ya san yadda ranar ba da hutun zango na uku take. Muna tsaye a filin asambili, rana na dukanmu, ana kiran na ɗaya da na biyu da na uku, ana tafi. Wannan yana da kyau, sun cancanta. Amma daga nan sai a juya takarda a fara kiran waɗanda za su maimaita aji, ɗaya bayan ɗaya, da sunan mahaifi. Wasu su yi dariya, wasu su yi ihu. Kafin yaro ya isa gida, labari ya riga shi zuwa unguwa.

Bara a ajinmu akwai wani ɗan'uwanmu da ba za mu faɗi sunansa ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a makon jarrabawa. Ranar lissafi ya zo yana rawar ɗari, ya rubuta abin da ya iya, ya kifa kai a benci. Darussa goma sha ɗaya ya ci, lissafi kaɗai ya faɗi. Aka kira sunansa a asambili. Da aka dawo hutu bai dawo ba. Ya ce ba zai zauna aji ɗaya da ƙaninsa ba. Yanzu in kun bi ta bakin tasha za ku gan shi a garejin gyaran babur, hannu duk baƙin mai. Sana'a ba abin kunya ba ce, amma shi ba ita ya zaɓa ba. Ita kuwa 'ya mace, duk mun san abin da wasu iyaye kan ce idan aka ce ta maimaita aji: ta zauna a gida haka nan.

Malam ya faɗi darasi ɗaya, yau yana da digiri na biyu. Abokinmu ya faɗi darasi ɗaya, yau ba ya makaranta. Malam babba ne, da gemunsa da iyalinsa. Abokinmu shekararsa goma sha uku. Wa ya fi buƙatar a tausaya masa?

Saboda haka muna miƙa roƙo uku ga Shugaban makaranta da malamanmu, cikin ladabi.

Na farko, a daina kiran sunan waɗanda suka faɗi a asambili. A ba kowa katin sakamakonsa a hannunsa. In dole sai an liƙa a allo, a yi amfani da lambar shiga makaranta, kowannenmu yana da ita.

Na biyu, wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu a ƙarshen shekara, a ba shi damar sake rubuta su a makon farko na dawowa daga dogon hutu. In ya ci ya wuce, in ya sake faɗuwa ya maimaita aji, ba mai ƙorafi. Wannan ba baƙon abu ba ne. Hukumar NECO ma tana shirya wa 'yan aji uku da suka faɗi Turanci ko lissafi a jarrabawar BECE zama na biyu. In hukumar ƙasa ta yarda da haka, me zai hana a yi wa 'yan aji ɗaya da aji biyu?

Na uku, a riƙa nuna mana takardun jarrabawarmu bayan an yi makin. A ajinmu mu 84 ne, malami ɗaya ke tara makin gwaji da na jarrabawa na kowa. Ɗan Adam ne, zai iya kuskure. In jami'a na sa idanu da yawa a kan sakamako ɗaya, mu ma a bar mu mu ga inda muka ɓata, ko don mu gyara.

Mun san abin da za a ce. Za a ce ɗalibai za su yi lalaci, su ƙi karatu, tunda akwai zama na biyu. Mun tattauna wannan a taronmu, kuma gaskiya akwai irin waɗannan a cikinmu. Malam ne ya ba mu maganin abin. Ya ce a jami'o'i da yawa na Ingila, mai digiri na biyu da ya sake zaman jarrabawa, ko 90 ya samu, 50 za a rubuta masa. Mu ma a yi mana haka. Wanda ya sake zama, 40 kawai za a sa masa a kati, kuma ba ya cikin masu neman na ɗaya. Ga shi kuma zai ƙare hutunsa da littafi a hannu, abokansa suna filin ƙwallo. Babu mai hankalin da zai zaɓi wannan da gangan.

Za a kuma ce ƙarin aiki ne ga malamai. Haka ne, kuma ba mu raina wahalarku ba. Amma takardun mutum goma ko sha biyar ne a aji, na kwana biyu. Wanda ya maimaita aji kuwa, shekara guda cur malami zai yi yana makin littattafansa, a ajin da dama babu wurin zama.

Mu ma ɗalibai akwai namu laifin. Mu ne masu dariya a asambili. Mu ne masu laƙaba wa wanda ya maimaita aji suna, har ya ji makaranta ta fita ransa. Kuma da yawanmu sai ana jibi jarrabawa muke neman littafin da za mu kwafi darasi, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. In muna son malamai su canza, mu fara canzawa.

Mun ji za a yi taron malamai da iyaye kafin ƙarshen zangon nan. Muna roƙon a sa wannan magana a cikin abin da za a tattauna. Duk malamin da zai je taron, in ya zo fita daga ofis, don Allah ya ɗan tsaya ya kalli hoton nan da ke kusa da jadawali, ya tuna cewa mai wannan rigar ya taɓa samun 46.

Malam, muna ƙara yi maka barka. Allah ya sa albarka, ya kai ka ga digirin digirgir.

Daga wakilin aji biyu (JSS 2B), a madadin Ƙungiyar 'Yan Jarida.