Telolinmu, ku raba almakashin yadi da kwali

Makiyayi ya sayar da akuyarsa a kasuwar N'Guelbély, ya sayi shadda don Sallah, ya kai wa tela. Bayan sati biyu a miƙo mashi riga wuya a karkace, bakin hannu yana warwarewa. In ya yi magana, a ce shaddar ce ba ta da kyau.

Ba mu yarda ba. Almakashin ne.

Mun shiga shaguna daga nan har Diffa, mun gani: almakashi guda ke yanka yadi, shi ke yanka kwali, shi ke datse zif, yaron shago ma da shi yake yanke farce. To ina kaifi zai tsaya? Almakashin da ya dakushe tauna yadi yake, ya ja zare, awon ya goce. Leshi kuwa ba ya yafewa.

Babban almakashi na yadi ne kawai. Zare yana da ɗan ƙaraminsa. Mai haƙora shi ke hana baki warwarewa. Farke ɗinki ma da ƴar ƙugiyarsa, amma sai a ɗauki reza, hannu ya zame, a huda rigar mutum, a rufe da ado, a yi shiru.

Kada a kawo mana zancen tsada. Tun 2015 da hanyar Maiduguri ta yi wuya komai ya hau, har yadin da muke kawo maku. Mai sa kati a waya kullum ba zai kasa biyan mai washi ba.

Sallar bana, kafin mu ajiye yadi, sai almakashin ya yanka ƙyalle a gabanmu.