Birki ba ya tsinkewa dare ɗaya

Duk lokacin da mota ta afka wa jama'a a bakin kasuwa ko tasha, magana ɗaya ake ji: birki ne ya tsinke. Sai a yi salati, a ce tsautsayi ne, kowa ya kama gabansa. Na yi imani da ƙaddara, amma ban yarda birki na tsinkewa babu gargaɗi ba. Yakan yi makonni yana sanar da ƙafar direba cewa ba shi da lafiya.

Idan ka taka ka ji laushi, sai ka maimaita sau biyu ko uku kafin ya kama, galibi iska ce ta shiga bututun mai, sai an fitar da ita. Idan kana tsaye ka danne shi, ka ji yana nutsewa a hankali har ƙasa, masta ce, wato famfon da ke tura man birki, ta gaji, ko kuma mai na yoyo a wani wuri. Motar da ke jan gefe guda in an taka, ƙafa ɗaya ce ke kamawa fiye da 'yar'uwarta. Kukan ƙarfe kuwa ba ya buƙatar bayani: abin da ke kama faifan tayar ya cinye, ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Abin da ya fi damuna shi ne man birki, domin shi muka fi rainawa. Bakanike zai ce, "Alhaji, man nan ya kamata a zubar a sa sabo." Sai mai mota ya ce, "Haba Malam, ai yana kamawa, ƙara masa kawai." Mutumin da ba ya wasa da juyen baƙin mai, sai ya shekara biyar bai taɓa canza na birki ba. Alhali man nan yana shan danshin iska a hankali, ko da motar a ajiye take. Man birki nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyas. In ya sha ruwa sai ya sauko wajen 140. DOT 4 kuma daga 230 zuwa 155. A cikin gari ba za ka ji bambanci ba. Amma gangaro daga Hawan Kibo da kaya niƙi-niƙi, ƙafarka a kan birki tun daga sama, sai man ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Ka taka, ƙafa ta tafi ƙasa fayau. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu, shi ya sa kuma sa mota a firi a gangara don tsimin fetur ganganci ne da rayukan mutane. A sa ƙaramar giya, inji ya riƙe motar.

Masu zuba ruwan omo a madadin man birki kuwa, ina roƙonsu don Allah su daina. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, yana kuma sa bututu da masta tsatsa daga ciki.

Buɗe bonet ka leƙa 'yar farar robar nan da ke gaban mazaunin direba. Sabon mai garau yake kamar man gyaɗa; in ka ga ya yi baƙi, ya gama aiki. In kuma ya ragu, kada ka cika ka rufe, tambayi inda ya tafi. Ba ya ƙonewa, don haka ko dai birkin ya cinye, ko akwai yoyo.

Bayan haka, birki mai kyau ma ba zai tsayar da mota yadda ya kamata a kan suɗaɗɗiyar taya ba. Gudu kuma in ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninka huɗu take yi.

Ina kira ga shugabannin tasha da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra su riƙa duba lafiyar birki kamar yadda suke duba takardu. Kai kuma direba, gobe kafin ka yi lodi, tada motar ka danne birki na rabin minti. In ya nutse, kada ka ɗauki fasinja sai bakanike ya gani.