Siminti ba shi ne ma'aunin arziki ba

A Bambeye da sauran garuruwan Adar, an wayi gari ginin ƙasa ya zama abin kunya. Ɗan ci-rani na dawowa daga Abijan ko Libiya, sai ya rushe ɗakin da ya gada, ya ɗora bulo da kwano, don kada a ce bai samo ba. Wannan ra'ayi kuskure ne mai tsada. Ko da masana'antar siminti ta Malbaza tana cikin jiharmu ta Tawa, buhun siminti kuɗi ne tsagwaronsu, kuma sai an gasa dutse da wutar da ta kai maki 1450 kafin a samu garinsa. Abin da maigida ke saya da guminsa shi ne ɗakin da ba ya shiguwa da rana a watan Afrilu.

Ƙasa ba ta buƙatar siminti don ta yi ƙarfi, abin da muke zubarwa bayan girbi take buƙata. Laka idan tana bushewa takan tsuke ta tsage. Ramno, ko ƙaiƙayin gero da aka cuɗa aka bari ya kwana cikin kwaɓi, shi ke riƙe ta ya hana tsagar tafiya. Makuba kuwa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa ruwan sama ya zame daga jikin yaɓe. Mai shakka ya je Yama. Magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'ar garin a 1962 da ƙasa da ciyawa, ginin kuma ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji ma, masu tsara gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da tubalin ƙasa da aka matse, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu.

Za a ce ai duk damina gidajen ƙasa ne ke faɗa wa mutane. Gaskiya ne, kuma rai ba abin wasa ba ne. Amma a duba waɗanda suka faɗi: galibi an gina su a hanyar ruwa, babu harsashi, indararo ya toshe, an shekara da shekaru ba yaɓe. Wasu ma shafen siminti ne ya cuce su, domin yakan kulle danshi a cikin bango har ƙasar ta ruɓe ta ɓamɓare. Adar ƙasar duwatsu ce. Harsashin dutse bai fi ƙarfin kowa ba. Masu cewa karan gero abincin dabbobi ne su ma suna da hujja, sai dai tubali ba ya cin dusa ko harawa, ƙaiƙayin da iska ke kwashewa a masussuka ya ishe shi.

Ya kamata hukumar gundumar Bambeye ta gina ko da aji ɗaya da tubali mai ramno bisa harsashin dutse, ta damƙa aikin ga tsofaffin magina, ta haɗa su da samari su koya tun maginan suna raye.