Wai Takardar Lab Ce Za Ta Sheganta Ɗan Sunna?

Wata sabuwar fitina ta shigo majalisun samari daga Ikara zuwa Maƙarfi da Hunƙuyi ta Kudan. Saurayin da ko sadaki bai tara ba, ya kalli bidiyo a waya, sai ka ji yana cika baki wai duk ɗan da aka haifa masa sai an yi masa gwajin DNA. Ko ya san abin da ake aunawa?

Tun da Alec Jeffreys ya gano wannan gwaji a Ingila a 1984, masana suka san yana da tuntuɓe. Ana duba wurare kamar 20 ne a ƙwayar halitta, a gwada na ɗa da na uba. To amma wajen gadon, wuri yakan sauya da kansa, kimanin sau 2 cikin 1,000, kuma ya fi faruwa ta wajen uba. Lissafi ke nan: cikin 'ya'yan halas 100, biyu zuwa huɗu za su saɓa wa ubansu a wuri guda. Shi ya sa masu aikin na ƙwarai ba sa kore uba da saɓani ɗaya. Wa zai yi wa manomin rake wannan bayani, bayan ya sayar da mazarƙwailarsa ya aika gwaji Legas, an miƙo masa takarda da Turanci?

A Amurka ma, a 2002, gwajin ya ce wata mata mai suna Lydia Fairchild ba ita ta haifi 'ya'yanta ba! Daga baya aka gano jikinta na ɗauke da ƙwayar halitta iri biyu.

Wani mutum ya taɓa zuwa wajen Manzon Allah (SAW) yana tuhumar matarsa don ta haifi baƙin yaro. Sai ya tambaye shi launin raƙumansa, ya nuna masa gado yakan ɗauko daga kakanni. Shari'a ta jingina ɗa ga shimfiɗar aure. Mai son kore shi, ga li'ani a Suratun Nur: rantsuwa huɗu, ta biyar ya kira wa kansa la'ana. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta zartar a 2002 cewa ba a kore nasaba da gwajin nan, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani. Ta yarda da shi a inda jarirai suka cakuɗe a asibiti.

Wanda kuwa ya jefi matar wani da zina a majalisa don yaro bai ɗauko hancin ubansa ba, ya kawo shaidu huɗu, ko kuma bulala 80 na jiransa.