Asuwaki da Ruwan Gishiri, da Tsoron Kujerar Likitan Haƙori

Daga cikin ni'imomin da ɗan Adam ba ya sanin ƙimarsu sai ranar da suka fara gushewa akwai dasashi, wannan naman da ke riƙe da haƙora, wanda mutum zai shekara arba'in yana tauna nama yana shan rake a kansa, bai taɓa buɗe baki gaban madubi ya duba halin da yake ciki ba. Duk wanda ya saba alwala a bakin masallaci ya sha ganin mutum ya kurkure baki ya zubar da ruwa da ja-ja a ciki, in an tambaye shi ya ce asuwakin ne ya yi tauri, ko kuwa zafi ne ya yi masa yawa. Alhali kuwa lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan ɗaya ke fama da matsananciyar cutar dasashi, kuma galibinsu da irin wannan ɗan jinin da aka raina suka fara.

Asalin lamarin wani farin datti ne mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, wanda ke taruwa kullum a inda haƙori ya haɗu da dasashi. In an kau da shi safe da dare, shi ke nan. In an bar shi, sai dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini, baki ya soma wari. A wannan mataki maganin yana gida, kuma kakanninmu ba su jahilce shi ba. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san an lissafa asuwaki cikin falalolin alwala, hadisan da ke kwaɗaitarwa a kansa kuwa sun tabbata a Buhari da Muslim. Wanda ya lizimci wannan sunna yadda ya kamata, ya tauna bakin itacen har ya yi laushi, ya bi haƙora ɗaya bayan ɗaya ciki da waje har zuwa turame, ya riƙa yanke bakin da ya tsufa, to, ya yi wa dasashinsa babban alheri. Amma wanda ya maƙale shi a gefen baki yana hira, yana goge haƙoran gaba huɗu da ƙarfin tsiya har naman ya ja baya, wannan ya ɗauki siffar sunna ya bar fa'idarta. Buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, minti biyu, musamman kafin barci, su ma alheri ne ga dasashi. Haka tsaftace tsakanin haƙora da zaren da aka yi don wannan aiki, maimakon allura ko tsinken tsintsiya. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure a zubar, yana kwantar da kumburi. Gwaba da lemo da kwalba-da-nono na kuka suna ba da sinadarin da rashinsa ke sa dasashi jini. Wanda ya dage da waɗannan, cikin mako ɗaya ko biyu yakan ga jinin ya ɗauke.

Sai dai akwai wasu abubuwa da ake kira magani waɗanda ɓarna ce tsantsa. Ɗiga ruwan batir ko fetur a kogon haƙori, da danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi har ta ƙone shi, da dirzar haƙora da toka ko gawayi har ɓawonsu ya cinye, duk wannan zaluntar kai ne. Ko kanumfari, wanda lalle man da ke cikinsa yana kashe raɗaɗi, iyakarsa ya ba mutum barcin dare ɗaya. Mai shan taba kuma kada ya ruɗu da rashin ganin jini, domin hayaƙin yana tsuke jijiyoyin dasashi, cutar ta yi ta ci a ɓoye.

Maganin gida yana da haddi, kuma a nan ne nake ganin muke yi wa kanmu ha'inci. Dattin nan idan ya daɗe yakan daskare ya zama tsatsa mai taurin dutse, wadda ba asuwaki ba buroshi da zai ɓamɓare ta. A ƙarƙashinta cutar ke gangarawa ta cinye ƙashin da haƙori ke tsaye a ciki, har haƙorin da ba shi da ko ɗigon kogo ya fara girgiɗi, ƙashin da ya tafi kuwa ba ya komowa da kansa. Kankare wannan tsatsa aikin ma'abota sana'a ne, kuma ba baƙon ilimi ba ne a wurin Musulmi, gama Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya siffanta wannan aiki a littafinsa At-Tasrif, har ya zana surar ƙarafan da ake yin sa da su. Saboda haka mutumin da ya shekara yana kurkurar gishiri a kan dasashin da ke fitar da mugunya, yana cewa shi ya fi yarda da na gargajiya, in ya yi wa kansa adalci zai tarar tsoro ne ya hana shi tafiya, gishirin kuwa uzuri ne.

Ban raina wannan tsoro ba, yana da dalilansa: ƙarar injin, da allura a cikin baki, da kwanciya rigingine baki buɗe ba halin magana, da kunyar a ga yadda bakin ya lalace, da fargabar kuɗin da ba a faɗa ba tukuna. Amma a lura da yadda tsoron ke ciyar da kansa. Mutum ya ƙi zuwa sai kunci ya kumbura, ya kwana uku bai runtsa ba. Ya isa a lokacin da babu sauran dabara sai cirewa, kuma a lokacin da allurar kashe zafi ba ta cika kama naman da ya ruɓe ba. Ya sha wuya, ya komo unguwa ya ba da labari, masu sauraro su ƙudurta cewa likitan haƙori ba shi da aiki sai fizge haƙora. A kan wannan aka ɗora camfe-camfe, wai cire haƙorin sama yana taɓa ido, wai wankin haƙori yana sa su girgiɗi su yi gibi. Gibin da ake gani bayan wanki cutar ce ta riga ta haƙa shi, tsatsa ta rufe, kamar yaɓen da ya ɓoye tsagar katanga. Abin mamaki ma, masu wannan sana'a da ake gudu su ne suka buɗe wa duniya ƙofar tiyata ba zafi, domin William Morton, wanda ya nuna sa barci da sinadarin ether a birnin Boston na Amurka a 1846, likitan haƙori ne, allurar lidoken da ake yi a yau kuwa tun 1943 aka haɗa ta a Suwidin.

Shawarata ita ce mutum ya yi zuwansa na farko a ranar da babu abin da ke masa ciwo, da safe, bayan ya karya kumallo, tare da wani nasa in yana so. Ya faɗa wa likita ƙarara cewa yana jin tsoro, babu abin kunya a ciki ko ga mai furfura. Ya nemi a duba kawai a ranar, a gaya masa abin da aka gani da abin da zai biya. Su yi alkawari cewa in ya ɗaga hannu za a dakata. Mai ciwon suga da mace mai ciki sun fi kowa buƙatar wannan ziyara, domin dasashinsu ya fi saurin kamuwa, kuma cutar dasashi tana wahalar da daidaita suga. Su ma likitoci da ma'aikatansu akwai hakki a wuyansu, gama tsawa ɗaya ga wanda ya zo yana rawar jiki, ko gorin cewa sai yanzu ka ga dama, ta isa ta kori gida guda shekara goma.

Inda jinkiri ya fi muni shi ne kan yara. Cutar noma mai cin fuska, wadda aka gina wa asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023 bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, daga kumburin dasashi take farawa, galibi ga yaro ɗan shekara biyu zuwa shida wanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. A kwanakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsaftar baki suna tsayar da ita. In aka tsaya jiƙe-jiƙe, cikin kwanaki ƙalilan takan huda kunci. Uwar da ta ga dasashin ɗanta yana jini, bakinsa yana ɗoyi, yana dalalar da yawu yana ƙin abinci, ta kai shi asibiti mafi kusa a ranar.