Aikin Gayya Ba Ya Son Hular Jam'iyya

Jama'ar Kafin Hausa ba su manta daminar 2022 ba. Ruwa ya ci gonaki, ya rushe gidaje a Bulangu da ƙauyukan kewaye, iyalai suka koma kwana a ajujuwan makaranta. Ambaliya ba ta tambayi kowa inda yake ibada ba kafin ta shiga ɗakinsa. To, mai zuwa taimako ma bai kamata a tsaya yi masa wannan tambaya ba.

Allah Ya ba garin nan abin da garuruwa da dama ba su da shi. Tun da aka kafa jami'ar jiha a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo, matasa daga sassan ƙasar nan suke zuwa karatu. Ga kuma masu yi wa ƙasa hidima da ake rabowa daga sansanin Fanisau a Dutse, Musulmi da Kirista, suna koyar da 'ya'yanmu, kuma duk mako suna da ranar aikin raya al'umma. Janar Gowon ya kawo shirin ne a 1973, bayan yaƙin basasa, don ɗan Enugu ya san ɗan Haɗeja. Mu kam mun riga shi, sunansa a wurinmu aikin gayya.

Shawararmu ita ce, kafin damina ta kankama, samarin unguwanni su gayyaci baƙin nan a haɗu a yashe magudanai, a cike kwazazzabai, a share asibiti da kasuwa. A zaɓi ranar Asabar, don kada a taɓa Juma'ar wani ko Lahadin wani. Ƙaramar hukuma ta kawo shebur da baro da buhunan yashi, wannan haƙƙi ne a kanta, ba alfarma ba.

Sai gargaɗi, kuma da gidanmu za mu fara. Kada wani ɗanmu ya je wurin da hular jam'iyya, ko fosta, ko mawaƙi. Ranar da ɗan takara ya zo ɗaukar hoto da shebur a hannu, ranar aikin ya mutu, domin baƙo zai janye, ɗan ɗaya ɓangaren ma zai janye.

Wani zai ce, to mu 'yan siyasa meye ribarmu? A tuna Afrilun 2011, lokacin da aka kashe masu hidimar ƙasa goma a jihar Bauchi a rikicin bayan zaɓe. Yaran mutane ne da aka turo aiki. Irinsu ne za su riƙe mana rajista a rumfunan zaɓe a 2027, kuma da wuya ka ɗaga hannu a kan wanda kuka shiga kwata ɗaya da shi. Wannan ribar ta ishe mu, wallahi.

Shugabannin matasa na mazaɓu, magana tana wurinku. Ku nemi limamai da fastoci da masu unguwanni a tsayar da rana. Allah Ya ba mu damina mai albarka.